Igiyar da Bahago Ya Haɗa

Litinin, da hantsi

Yau na hau benen situdiyon Bahago, karo na farko tun abin nan. Ko matakalar ce ta ƙara tsawo, ko gwiwoyina ne suka daina yi min kara. Kakarmu ba ta soma ba mu labari sai ta jera wa da wa ke ciki, to bari in bi sahunta, ko da yake ni kaɗai ce mai sauraro. Akwai Bahago, ƙanena, makaɗin bes, jitar nan mai kaurin murya, wanda yanzu yake gadon kusa da taga a ɗakin maza na asibiti, tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Akwai 'yarsa, da muke ce wa Injiniya tun tana kwance rediyon uwarta da cokali, ita ke riƙe da situdiyon. Akwai Mai Waƙa, amininsa tun suna da suma. Sai ni, da na ƙarar da ƙuruciyata gaban na'urar haɗa sauti a gidan rediyo, aka sallame ni da agogon bango da kunne ɗaya da rabi.

Sun gama ɗaukar faifai kafin abin nan, saura haɗawa. Ƙarshen wata zai fita.

Injiniya ta kunna min waƙar farko. Murya tana nan, ganga tana nan. Bes kuwa ya zo kamar baƙon da ya tsaya bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Siriri, sai ka ce zaren ɗinki ake kaɗawa.

"Gwaggo, na ƙara masa har na gaji. Ina ƙarawa yana ƙara taɓo, ba ya ƙara nauyi."

Na ce ta gwada ba shi abinci. Ba ta yi dariya ba. Idonta irin na ubanta ne in ya ƙi barci.

Talata, bayan azahar

Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta kawo wa Bahago ƙwallon roba, ja, ta ce ya riƙa matsawa da wancan hannun. Ya matsa sau da yawa har ya yi mata ba'a, wai ta kawo masa abin wasa da furfurarsa. Maganar tana fita a karkace amma tana fita. Na dawo gida da sauƙin ƙafa.

Alhamis, da yamma

Mai Waƙa ya yi ɓarna, kuma da zuciya ɗaya ya yi ta, irin wadda ba ka da bakin zagi. Ya karɓi waƙar yadda take, ba a gama ba, ya kai wa Bahago da abin sawa a kunne, wai don ya ji daɗi. Ina zaune ina ɓare lemo. Bahago ya saurara har ƙarshe. Ya cire abin da hannun dama, ya ajiye a kan bargo a hankali, ya ce, "Ashe tun lokacin hannun ya tafi."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya juya ya fuskanci bango.

A baranda Mai Waƙa ya dafe kansa. "Yaya, wallahi ban yi tunani ba."

"Da ka yi, da an sa a labarai."

Juma'a, da safe

Ƙwallon na kan taga.

Asabar, bayan la'asar

Mai Waƙa ya zo situdiyo da shawara, ya ƙi zama, yana ta juya makullin mota a yatsa. A kawo wani makaɗi ya sake kaɗa bes ɗin, a sa sunan Bahago a jiki, kowa ya yi shiru. Wai rufin asiri ne.

"Ba na so duniya ta ji shi a haka, Yaya. Mutumin da in ya taɓa tsirkiya kofuna ke tafiya a kan tebur."

"Kuma kana ganin ba zai gane yatsun wani ba?"

"Ba sai ya ji ba."

"Sai ka toshe masa kunne har ƙarshen rayuwarsa ke nan."

Injiniya tana kallon allon kwamfuta kamar ba da ubanta ake ba. A ƙarshe ta ce a ba ta zuwa ƙarshen wata, in bai gyaru ba a yi yadda ya ce. Na so in yi magana, na tuna situdiyon ba nawa ba ne.

Ga abin da ke gabanmu: ko kiɗan ƙanena ya zauna a faifan nan, ko a goge shi. In an goge, to an sa hannu a kan maganar da ya faɗa wa bango.

Lahadi, da hantsi

Bahago bai ci abinci ba. Matarsa ta dawo da kwanon yadda ta kai. Ƙwallon na kan taga.

Litinin, da azahar

Na tsaya hutawa a gindin matakala, a shagon mai gyaran agogon da ke ƙarƙashin situdiyo. Ya cire gilashin ido ɗayan nan nasa ya tambayi jikin maƙwabcinsa. Na ce da sauƙi, kamar yadda ake cewa.

"Allah Ya tashe shi. Ko da yake, Hajiya, tun da ya kwanta na samu lafiyar aiki. Ranar da suka yi ɗaukar ƙarshen nan, ƙusoshina yawo suka yi ta yi a kan faranti. Wata ta faɗi ƙasa, har yau ban gan ta ba. Na buga silin da sandar tsintsiya, ko a jikinsa."

Na sa ya maimaita. Ya maimaita har da ƙari, ya ɗauka ƙara nake karɓa.

Na hau benen nan ban tsaya ko sau ɗaya ba. Hannun da ya mutu ba ya sa ƙusa tafiya ta cikin kankare. Kiɗan ya fito a ɗakin nan da ƙarfinsa. Wani wuri tsakanin ɗakin da sifika aka yi masa fashi.

Injiniya ta ce, "Gwaggo, mai agogo ba ma'auni ba ne."

"Ya fi naki, tunda shi ya ji."

Talata, da yamma

Na zauna kusa da Injiniya na ce ta nuna min yadda aka ɗauki bes ɗin. Ni kwamfuta ba ta gaishe ni ba, ban gaishe ta ba, amma allurar auna sauti na sani, ko ta ƙarfe ko ta haske. Hanya biyu aka bi, kamar yadda muke yi tun zamanin tef. Ɗaya kai tsaye daga jita ta waya zuwa na'ura, ɗaya makirfo a gaban sifikarsa. Ta ɗaure su wuri guda tana ɗaga su tare, tana sauke su tare.

Ta kunna. Allurai biyu suna tsalle har suna taɓa ja. Na tashi na ɗora tafin hannu a kan fatar babbar sifika. Da kyar take motsi. Allura na rawa, fata na barci.

"Kashe min ɗaya."

"Ba abin da zai canza."

"To kashe, mu gani bai canza ba."

"Gwaggo, na ce a'a."

Ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Ta ɗauki jaka ta ce tana da wurin zuwa. Ta bar ni da kwamfutar da ban san inda ake kashe ta ba, na lulluɓe ta da ɗankwali na rufe ƙofa.

Laraba, da safe

Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ce in bai motsa hannun a makonnin nan ba… Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, bayan la'asar

Injiniya ce ta kira ni. Na same ta ta jera kofin shayi biyu, wannan shi ne ban-haƙurin gidanmu tun kakanni.

Ta ce tun abin nan ba ta taɓa sauraron layin makirfon shi kaɗai ba. Sau ɗaya ta gwada, ta ji numfashinsa a ciki, da ɗan gurnanin nan da yake yi in kiɗa ya yi masa daɗi, da ƙarar kujerarsa. Ta ɗaure layukan biyu tun ranar don kada ta sake ji.

Na ce, "To ni zan danna, ke ki riƙe kofi."

Ta nuna min wurin. Na kashe layin makirfo tukuna, na bar na waya. Jama'a! Bes ya faɗo ɗakin nan kamar an sauke buhu daga mota. An rage, ya ƙaru. Na mayar, ya tsere. Na kashe na waya na bar na makirfo, ga shi nan kuma, da kauri, da tsatsa, da numfashin ƙanena a bayansa yana gurnani kamar tsohon muzuru. Kowanne shi kaɗai ƙato ne. In sun haɗu sai su cinye juna.

Tana kuka tana dariya. "Folariti ne. Gwaggo, folariti! Abin da ake koya mana a makon farko."

Mu a gidan rediyo juyi muke ce masa. Fatar sifika turawa take ta ja, ta tura ta ja, shi ne sauti. In layi ɗaya ya ce tura a daidai lokacin da ɗayan ya ce ja, sai ta tsaya tana kallonsu. Kamar mota ce ta mace, ƙarti biyu suka zo taimako, ɗaya ya dafa gaba ɗaya ya dafa baya. Kowa na zufa, kowa na nishi, mota na nan. Ita kuma Injiniya kullum tana ƙara musu ƙarfi su biyun daidai wa daida.

Akwai ɗan maɓalli da aka zana wa ƙwai da sanda ta ratsa shi. Ta danna shi a layin makirfo. Ƙartin nan biyu suka koma baya tare.

Daga ƙasa muka ji sandar tsintsiya tana dukan silin. Ban taɓa jin tafi mai daɗin wannan ba.

Alhamis, da hantsi

Na so in gaya wa Bahago. Injiniya ta ce a bari sai an gama, kada a sake kai masa ɗanyen abu. Ta yi gaskiya. Na zauna gefen gadon ina kallon ƙeyarsa, bakina cike da labari, ina ba shi labarin tsadar lemo.

Asabar, da azahar

Na yi saurin guɗa.

Mai Waƙa ya zo ya ji. Da farko ya dafe ƙirji. Da aka kai tsakiyar waƙa ta biyu, inda Bahago ke hawa sama, sai fuskarsa ta sauya. Ni ma na ji, da kunnena ɗaya da rabi. Na ƙasa sun cika, amma in ya hau, wani sauti ya fito da ƙiba, na kusa da shi ya fito holoƙo kamar an ƙwaƙule cikinsa.

"Kin ji ko, Yaya? Wannan ba maɓalli ba ne. Yatsa ne ke kamawa yana saki."

Na ce masa rigarsa ba ta dace da shi ba, ya tafi.

Lahadi, da yamma

Ƙwallon ya faɗo ƙasa, mai shara ta mayar kan taga.

Litinin, da safe

Wannan karon aikin Injiniya ne, in ba ta haƙƙinta. Ta buɗe hoton sautin a allo, ta yi ta faɗaɗa shi har ya koma tudu da kwari, layi biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ta ce in duba. Tudun sama ya tashi, na ƙasa sai ya ɗan jinkirta kafin ya tashi. Kullum haka, ɗan taƙi.

"Makirfon ya makara, Gwaggo. Na waya yana isowa nan take, shi kuwa sai sauti ya bi iska kafin ya same shi. A bakin sifika na kafa shi. Wa ya ja shi baya?"

Muka dubi juna. Muka leƙa ɗakin ɗauka. Ga sandar makirfon can nesa da sifika, kusa da kujerar Bahago, inda gwiwarsa ba za ta buge ta ba in yana kaɗa ƙafa. Shi ya sa ma ya kwashi numfashinsa.

Wato ƙartin sun koma bayan mota, amma ba su haɗa baki ba. Ɗaya ya tura, ɗaya sai ya gama gyara wando. A wani sautin jinkirin bai dame su ba, a wani kuwa turin wannan yana faɗawa kan sakin wancan. Ita tana ce masa fes. Ni na ce taku ne bai zo ɗaya ba.

Ta kama layin makirfo tana jan shi gaba kaɗan-kaɗan. Ido ya ce ya yi, kunne ya ce da saura. Ta ja, ta mayar, har muka daina bambance gabas da yamma. Sai na tuna dabarar da muke yi da kan tef.

"Mayar da juyin yadda yake da, ba daidai ba."

"In sake ɓata shi?"

"Ɓata shi. Kunne ba ya gane inda abu ya fi cika, amma yana gane inda ya fi mutuwa. Ki ja har sai ya kusa ɓacewa ɗungurum, sannan ki juya."

Ta ja. Bes ya rame, ya ƙara ramewa, ya koma ɗan ƙaiƙayi. Ta wuce, ya fara dawowa, ta koma baya. Nan. Ta dube ni, na gyaɗa kai, ta danna ƙwan.

Ban san yadda zan rubuta ba. Ya hau sama, ya sauko, kowane sauti da ƙibarsa ɗaya, kamar 'ya'yan uwa mai adalci. Babu yatsan da ya saki. Babu ko ɗaya.

Talata, bayan azahar

Mun bi ta kan babbar gangar ƙafa ma, muka gwada juyinta da bes, muka bar inda suka fi faɗowa tare a ƙirji. Injiniya ta zare duk ƙarin da ta yi ta lafta masa makonnin nan, bai buƙata. Na kawo tsohuwar rediyota mai sifika ɗaya muka ji ta ciki, don abin da ya tsira a bakinta zai tsira ko'ina. Ya tsira.

Mai agogo ya hau da kansa ya ce ko dai mu rage ko mu saya masa faranti mai murfi.

Laraba, da hantsi

Abu ɗaya ya hana ni sakat: wa ya juya layin tun farko? Na sa ta kawo igiyar da aka sa wa makirfon ranar. Mai naɗin tef rawaya a wuya. Duk igiyar da Bahago ya haɗa da hannunsa haka yake mata alama, don kada a ara a hana shi.

Na kwance kan. Jar waya na inda fara ta kamata, fara na inda ja ta kamata. Dalmar da ya liƙa su da ita kuwa tsaf, kyakkyawa, sai sheƙi take.

Na yi dariya har sai da na nemi bango. Yaron da ya yi shekarun makaranta yana sa takalmi a juye. Shi ke riƙe kan igiya ta ƙasa in zai liƙa, don ƙarfen liƙin ya zauna masa a hagu, sai komai ya koma masa kamar a madubi. Tun yana saurayi nake ce masa ya riƙa dubawa, yana ce min, "Yaya, wuta ba ta san hagu da dama ba." Wuta ba ta sani ba, sifika ta sani.

Alhamis, da yamma

Mai Waƙa ya saurara tun daga farko har ƙarshe a tsaye. Da aka gama ya share ido da hular da ya cire.

"Yaya, a yafe min."

"Ɗauki sifikar nan ka kai mota, sai in duba."

An sallamo Bahago jiya. Benen nan ya fi ƙarfinsa yanzu, to situdiyo zai je gare shi.

Juma'a, bayan la'asar

Mun same shi a falo, a kujerar da aka jingina masa filo, fuska wajen labule. Matarsa ta zo da ƙwallon cikin kayan asibiti ta ajiye kan talabijin. Da ya ga Mai Waƙa na nishi da sifika ya ce, "Ku fita da ita."

"Ba kai muka kawo wa ba," na ce, "matarka muka kawo wa."

Muka ajiye ta dab da kujerar, ta hagu. Na ɗauki wancan hannun, karo na farko da na taɓa shi, na ɗora a kan akwatin. Bai hana ni ba, ba zai iya ba.

Injiniya ta ce, "Baba, ga abin da ka ji a asibiti." Ta kunna zaren ɗinki. Ya rufe ido. "Ga kuma abin da ka kaɗa."

Kofunan cikin kabad suka amsa. Na ga hannun yana rawa a kan akwati, ban sani ba ko akwatin ne ko shi ne, ban kuma so in sani ba. Ya buɗe ido. Ya juyo gaba ɗaya, har filo ya faɗi.

"Wa ya kaɗa wannan?"

"Wani tsoho mai taurin kai," in ji Mai Waƙa.

Na ciro igiyar daga jaka na ajiye masa a cinya, kai a buɗe, tef rawaya a sama. Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Gefen bakinsa mai motsi ya soma ɗagawa.

"Dalmar dai ta yi kyau," ya ce.

Matarsa ta fita da gudu, wai ta bar abu a wuta. Ba ta ɗora komai ba.

Ya sa aka bi waƙoƙin duka. A ta ƙarshe, kusa da rufewa, ya ɗaga hannun dama. "Tsaya. Koma." Ta koma. "Nan. Na yi kuskure. Rabin taku na sauka ƙasa."

Mu duka ba wanda ya ji, sai da ya nuna. Da bes na ɓoye kuskuren ma ɓoye yake.

"Baba, minti ɗaya ne in gyara a kwamfuta."

"Kar ki taɓa min."

"To a bar shi haka ya fita?"

"Ya fita haka. Kowa ya ji nawa ne." Ya kalli yatsun da ke kan akwati. "In mun hau dandali zan gyara shi da kaina."

Mai Waƙa ya sami abin kallo a silin.

Sai ya ce, "Yaya, kin tsaya kamar sandar makirfo. Miƙo min abin wasan can."

Asabar, da safe

Matarsa ta yi waya tana ƙorafi. Wai ya cinye abincin safe ya nemi ƙari, kuma ƙwallon nan ƙiiƙ-ƙiiƙ yake yi in an matsa, tun asuba ya hana ta sakat, in zo in karɓe.

Na ce mata gwiwoyina ba za su iya ba.